Faifan lu'ulu'u na yankan tayil: sirrin taurinsa da yadda ake aiki da shi

Lu'ulu'u da baƙin da ke cikin fensir abu ɗaya ne, sinadarin kabon. Bambancin a jeri yake. A fensir, ƙwayoyin zarra suna kwance ne shimfiɗa-shimfiɗa, wannan na zamewa a kan wancan, shi ya sa yake rubutu. A lu'ulu'u kuwa kowace ƙwaya ta riƙe huɗu gam ta kowane ɓangare, babu inda za a bi a kankare shi. A ma'aunin taurin duwatsu da masanin duwatsu Friedrich Mohs ya tsara a 1812, shi ne na 10, ƙoli ke nan. Lu'ulu'un da ake haƙowa daga ƙasa yana samuwa a zurfin kilomita 150 zuwa 200, amma wanda ke bakin faifanka na masana'anta ne, irin wanda kamfanin General Electric na Amurka ya yi nasarar haɗawa a 1954.

Faifan ba yanka yake yi kamar wuƙa ba, gurza yake. Tsakuwoyin lu'ulu'u ƙanana ne aka dasa cikin garin ƙarfe a gefensa. Ƙarfen na cinyewa a hankali, sababbin tsakuwoyi na fitowa. Nan ne da yawa ke kuskure wurin saye: abu mai tauri kamar tayil ɗin fosilin (wani irin tangaran mai ƙarfi) yana son faifai mai ƙarfe mai laushi, bulo kuwa, da yake yashinsa na ci, mai tauri yake so. Mai baki sumul na tayil ne, mai tsage-tsage na kankare da bulo.

Kafin ka ɗaura faifan a giranda, wato injin da ke juya shi, cire wuta. Duba kibiyar da ke jikin faifan ta dace da juyin giranda, kuma lambar gudun da aka rubuta a kansa ta kai ta injin. Ƙaramar giranda mai faifan milimita 115 tana juyi wajen 11,000 a minti. Fara da tsaga mara zurfi a kan layin, sannan ka zurfafa a zagaye biyu ko uku. Kada ka danna, bar injin ya ci da kansa. Kada kuma ka murɗa faifan cikin tsaga, domin tauri ba ya hana tsagewa.

Zafi ne babban makashinsa. In yankan busasshe ne, riƙa ɗaga shi bayan kowane rabin minti ya juya a iska. Injin tebur mai ruwa ya fi, ga sanyi ga kashe ƙura, kuma ƙurar nan mai sinadarin silika tana lalata huhu, don haka takunkumi da tabarau dole ne. In bakin ya yi sheƙi, yana tartsatsi ba ya ci, ya dakushe: yanki tsohon bulo sau biyu ko uku, zai farfaɗo. Rodi da ƙarfe zalla kuma a nemo musu nasu faifan, domin in zafi ya yi yawa ƙarfe shanye kabon ɗin lu'ulu'un yake yi.