Darasi na 7: Idan zuciya tana gudu, a ƙirga kafin a nemi magani

A nan Tawa mutum zai je gidan likita ya ce, "Gabana ke faɗuwa ko ina zaune." Idan aka tambaye shi sau nawa zuciyar ke bugawa a minti, sai ya yi shiru. To, ƙirgawar nan ba ta da wuya, kuma ba a biyan ko dala.

Yadda ake ƙirgawa

Da sassafe ya fi, kafin shayi, kafin a kama aiki. Ka zauna minti 5 ka huta. Ka buɗe hannun hagu, tafin yana kallon sama. Ka ɗora manuniya da yatsan tsakiya na hannun dama a wuyan hannu, daidai gindin babban yatsa. Ka danna kaɗan har ka ji jijiya tana motsi. Idan ka matsa da ƙarfi, bugun zai ɓace. Kada ka sa babban yatsa, don shi ma yana da nasa bugun, sai ya rikita maka lissafi. Wani ya riƙe agogo ko salula ya auna sakan 30, kai kuma ka ƙirga, sannan ka ninka biyu. Wanda ya sami 41, zuciyarsa na bugawa sau 82 ke nan.

Ga babban mutum da ke hutawa, daga 60 zuwa 100 daidai ne. Masu gudu da ƴan ƙwallo nasu kan sauka har 50. Mai ciki kuwa nata kan ƙaru da 10 zuwa 20, wannan ba cuta ba ne.

Me ke sa ta gudu?

Mu fara da fada, wato majalisar shan shayi. An ɗora buta a kan gawayi, an sha na farko mai ɗacin nan, an bi da na biyu da na uku, ga goro a baki, ga sigari a hannu. Ganyen shayi, goro da Nescafé duk suna ɗauke da sinadari iri ɗaya mai zaburar da zuciya da hana barci, taba kuma ta ƙara nata. Ba a ce a bar fada ba, zumunci ne. Amma a rage kofi, a daina sha bayan magariba, a sake ƙirgawa bayan mako biyu a gani. Tramol kam ba ragewa ake ba, barinsa ake yi, tare da taimakon likita.

Sai zafi. A watannin Afrilu da Mayu rana kan wuce digiri 40. Zufa na fita, ruwan jini na raguwa, dole zuciya ta ƙara sauri. Fitsari ja kuma kaɗan alama ce ta ƙarancin ruwa a jiki. Mai azumi ya rarraba shan ruwansa daga buɗa-baki zuwa sahur. Masassara ma haka: duk digiri 1 da jiki ya hau, bugun kan ƙaru da kusan 10, shi ya sa ba a auna mai zazzaɓi a ce ciwon zuciya gare shi.

Abin da aka fi mantawa shi ne ƙarancin jini. Ke da kike daka, kike ɗebo ruwa, kike goyo, idan kina haki da ɗan aiki kaɗan, ba motsa jiki kika rasa ba. Ki ja fatar idonki ta ƙasa a gaban madubi. Idan cikin ya yi fari fat, ki je a auna jininki. Hanta, nama, wake da zogale suna taimakawa. Shayi nan take bayan abinci kuwa yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai gina jini da ke cikin abincin.

Horar da zuciya

Duk ɗan Adar ya san rijiya. Mai babban guga ja kaɗan yake yi ya cika kwami, mai ƙarami sai ya yi ta ja. Zuciyar da ta saba da aiki tana tura jini mai yawa a bugu ɗaya, don haka ba ta bukatar gaggawa. Wannan magana ta fi shafar maigidan da ke wuni a shago, wanda ko masallacin unguwa sai a kan babur.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya yi aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau 5. Tafiya da sauri ta isa. Wanda ya daɗe bai yi ba ya fara da minti 10, yana ƙarawa duk mako. A fita bayan asuba ko da yamma liƙis. A cikin rairayi kuma a rage sauri, don ya fi cin ƙarfi.

Ga ma'aunin: ka cire shekarunka daga 220. Mai shekara 40 zai sami 180, kusan iyakar gudun zuciyarsa ke nan. Lokacin tafiya ya tsaya tsakanin 90 da 126, wato rabi zuwa kashi 70 cikin 100. Idan babu agogo, ka yi magana da abokin tafiyarka. Kana iya magana amma waƙa ta gagara, daidai kake. Maganar ma tana yankewa, ka sassauta. Sai an yi wata biyu ko uku ana yi kafin bugun safe ya sauka sosai.

Wanda ba ya jira

Ciwon ƙirji, suma, numfashi da ƙyar, bugun da ke tsalle-tsalle, ko wanda kullum ya wuce 100 alhali ana zaune: a tafi gidan likita. Mai jego da ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine, a kai ta ranar nan, kuma a dakatar da kunun kanwa da yawan gishiri. Kada a sayi maganin rage bugun zuciya wurin masu talla a bakin titi. Wani irinsa yana toshe numfashin mai asma.

Aikin gida

Ka ja layi biyu a littafinka, ɗaya na rana, ɗaya na lamba. Ka rubuta bugun zuciyarka kowace safiya har kwana 7. Sannan ka lissafa: mace mai shekara 52, nawa ne iyakar gudun zuciyarta, kuma nawa ne rabinsa? A zo da littafin aji na gaba.