Yadda ake kare waƙa, fim ko wasan kwamfuta daga masu satar fasaha a intanet

Duk wanda ya shirya waƙa, fim ko wasan kwamfuta yana da haƙƙin mallakar aikinsa tun ranar da ya kammala shi, ba tare da ya jira wata hukuma ta buga masa hatimi ba. Wannan ƙa'ida ta samo asali ne daga Yarjejeniyar Berne da aka ƙulla a ƙasar Suwizalan a 1886, wadda ƙasashe sama da 180 suka shiga cikinta, kuma ta tanadi cewa kariyar yawancin ayyuka za ta ɗore tsawon rayuwar mai su da ƙarin aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa. Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai sun kai nasu wa'adin shekara 70. Sai dai a ranar da aikinka ya bayyana a shafin wani yana rabawa kyauta, abin da za a fara tambayarka shi ne hujjar cewa naka ne, kuma yawancin masu fasahar da ke rasa haƙƙinsu a nan suke rasa shi. Saboda haka matakan da ke biye sun fara ne tun kafin a yi satar.

Mataki na farko shi ne adana asalin aikin. Mawaƙi ya riƙe fayilolin situdiyo waɗanda murya da kowane kiɗa ke zaune daban-daban, tare da rubutun baitocinsa na farko. Mai fim ya riƙe ɗanyen hoton da kyamara ta ɗauka kafin a tace shi, da rubutun labarin. Mai wasan kwamfuta kuwa ya riƙe asalin rubutun manhajar da tarihin gyare-gyaren da aka yi mata, wanda ke nuna ranar da aka ƙara kowane layi da sunan wanda ya ƙara shi. Ɓarawo ba shi da komai sai kammalallen aiki, kai kuwa kana da duk matakan da aka bi aka kai gare shi. A ajiye waɗannan a wurare biyu mabambanta, kuma kada a taɓa ranakun da ke jikinsu.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci kuma ya fi shan sakaci, shi ne rubuta yarjejeniya da duk wanda ya sa hannu a aikin. Waƙa guda tana ɗauke da haƙƙoƙi biyu: haƙƙin baitoci da karin sautin, wanda ke hannun wanda ya tsara su, da haƙƙin sautin da aka naɗa, wanda galibi ke hannun wanda ya ɗauki nauyin naɗar. Mutum zai iya mallakar ɗaya ba tare da ya mallaki ɗayan ba. A fim abin ya fi haka sarƙewa, domin akwai marubucin labari da darakta da mai kiɗa da mai ɗaukar hoto, kuma a wasan kwamfuta akwai mai zane da mai sauti da kamfanin da ya ba da lasisin injin wasan, wato manhajar da aka gina wasan a kanta. A ƙasashe da dama, biyan mutum kuɗin aikinsa kaɗai ba ya mayar da haƙƙin mallakarsa zuwa hannunka, kuma dokar Amurka ta fito fili ta ce sai da rubutacciyar takarda mai ɗauke da sa hannun mai haƙƙin. Takardar ba ta buƙatar tsawo. Ta bayyana sunan aikin, da abin da kowa ya yi, da kason kowa cikin ɗari, da wanda aka wakilta ya yi magana da sunan kowa idan an samu sata. A rubuta ta tun ana raha da juna, domin bayan aikin ya fara kawo kuɗi kowa zai tuna gudummawarsa fiye da yadda take.

Na uku shi ne rajista. Ko da yake haƙƙin ba ya dogara da ita, inda ƙasarka ke da ofishin rajistar haƙƙin mallaka ka yi, domin takardar shaidar tana rage gardama. A Amurka ma sai an yi rajistar aikin ɗan ƙasar kafin a shigar da ƙara, kuma wanda ya yi ta a kan lokaci yana iya neman diyyar da doka ta ƙayyade, daga dala 750 zuwa 30,000 a kan kowane aiki, har zuwa dala 150,000 idan an tabbatar da gangan aka yi satar. Kowace waƙa da aka naɗa kuma ta samu lambar ISRC, mai haruffa da alƙaluma 12, wadda kamfanonin rarraba waƙa ke bayarwa, kuma da ita dandamali ke gane waƙar duk inda aka kunna ta.

Daga nan sai toshe kafar fita kafin ranar saki. Sau da yawa kwafin da ke yawo kafin lokaci daga hannun na kusa yake fita: mai tacewa, mai fassara, mai talla ko wanda aka tura wa domin ya ba da shawara. Maganin wannan shi ne kowane kwafi da zai bar hannunka ya ɗauki alama tasa ta daban, misali sunan wanda aka tura wa a rubuce dishi-dishi a kusurwar hoton, ko wata 'yar alamar sauti a wani daƙiƙa da kai kaɗai ka sani. Idan wanda aka ba kwafin ya san cewa sunansa na jiki, zai yi taka-tsantsan, idan kuma ya fita, ka san ƙofar da ya bi. Masu wasannin kwamfuta suna da zaɓin sa makullin manhaja irin Denuvo, wanda kan jinkirta masu fasa wasa a makonnin farko da ciniki ya fi kankama. Amma a auna da kyau, domin makulli mai tsanani yakan wahalar da wanda ya biya kuɗinsa, kuma kantin GOG ya daɗe yana sayar da wasanni ba tare da makulli ba. Abin da na fi amincewa da shi shi ne a saki aikin a ko'ina a lokaci guda, a farashin da mutane za su iya, ta hanyar biya mai sauƙi, saboda da yawa daga masu sauke kayan sata sun nemi na halal ne ba su same shi a inda suke ba.

Bayan saki sai sa ido. Tun 2007 YouTube ke amfani da tsarin Content ID, wanda ke kwatanta duk bidiyon da aka ɗora da samfurin da masu haƙƙi suka ajiye, sannan ya ba mai haƙƙi zaɓin toshe bidiyon, ko karɓar kuɗin tallan da ke kansa, ko bibiyar adadin masu kallonsa. Ƙananan masu fasaha kan shiga tsarin ne ta hannun kamfanin da ke rarraba musu aiki. Sauran wuraren kuwa sai da hannu: ka riƙa neman sunan aikinka a Google haɗe da kalmomin da masu neman kyauta ke rubutawa, ka kuma leƙa tashoshin Telegram da shafukan ajiye fayil.

Idan ka ga aikinka a inda ba ka ba da izini ba, kada ka yi gaggawar yin magana. Fara ɗaukar hoton shafin yadda adireshinsa da kwanan wata da sunan wanda ya ɗora za su fito sarai, ka kwafe cikakken adireshin fayil ɗin. Sannan ka tabbatar ba wani abokin aikinka ne ya ba da lasisi ba, kuma abin da aka yi bai faɗa cikin amfanin da doka ta halatta ba, kamar ɗauko ɗan gajeren yanki domin sharhi, koyarwa ko rahoton labarai. A 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke cewa wajibi ne mai haƙƙi ya duba wannan kafin ya nemi a cire abu, a shari'ar da ta taso daga bidiyon daƙiƙa 29 na wani yaro ƙarami yana rawa, waƙa na tashi a bayansa.

Sai ka aika takardar neman cirewa. Yawancin manyan dandamali suna bin tsarin dokar DMCA ta Amurka ta 1998, wadda ta kare su daga biyan diyya muddin sun cire kayan sata da zarar an sanar da su yadda ya kamata, kuma wannan ne ya sa suke amsawa da sauri. Takardar tana buƙatar bayanin aikin da aka sata, da ainihin adireshin da kwafin yake, da hanyar tuntuɓarka, da furucin cewa ka yi imani da zuciya ɗaya ba a ba da izini ba, da furucin cewa bayananka gaskiya ne tare da rantsuwar cewa kai ne mai haƙƙin ko wakilinsa, sannan sa hannunka. Adireshin nan shi ne inda aka fi yin kuskure: sunan shafi kawai ba ya wadatarwa, sai an kawo mahaɗin kowane fayil ɗaya bayan ɗaya. Idan shafin na 'yan satar ne kansu, ka nemi kamfanin da ke ba shi masauki a intanet ka aika masa, ka kuma cike fom ɗin Google domin a cire adireshin daga sakamakon bincike. Ka sani cewa dandamali da yawa suna nuna sunanka ga wanda ka kai ƙara, don haka wasu ke aikawa ta hannun lauya ko kamfani.

Wanda aka cire wa abu yana da damar mayar da martani cewa kuskure aka yi. Idan ya yi, dandamalin zai mayar da abin cikin ranakun aiki 10 zuwa 14, sai fa idan ka nuna ka shigar da ƙara a kotu. A YouTube, tashar da ta tara gargaɗi uku na keta haƙƙin mallaka tana fuskantar rufewa.

Kotu ita ce matakin ƙarshe, kuma ta fi dacewa da masu cin riba da satar, ba da ɗaiɗaikun masu saukewa ba. Shari'a ce ta durƙusar da Napster, manhajar musayar waƙoƙi a intanet, a 2001, a 2009 kuma kotu a Suwidin ta yanke wa mutum huɗu masu alaƙa da The Pirate Bay, shafin musayar fayiloli, ɗaurin shekara guda da diyyar kurona miliyan 30, amma shafin ya ci gaba da bayyana da sababbin adireshi, abin da ya sa masu haƙƙi a ƙasashe irin Birtaniya suka koma neman umarnin kotu na tilasta wa kamfanonin intanet toshe irin waɗannan shafuka. Idan za ka ga lauya, ka tafi da asalin fayilolinka, da yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu, da takardar rajista, da hotunan shafukan, da kwafin duk takardun neman cirewar da ka aika tare da amsoshinsu, ka kuma tambaye shi wa'adin shigar da ƙara a ƙasarka, domin a Amurka shekara uku ne kacal.