Yadda tsohon soja zai shirya koke kan kuɗin rauni

Na yi aikin akawu a ofishin bataliya kafin in ajiye kaki, shi ya sa har yau 'yan'uwa ke sallama a ƙofar gidana a nan Bauchi da fayil a hammata. Kukansu kusan ɗaya ne: an sallame su da rauni, abin da aka yanka musu bai taka kara ya karya ba, ko an ce ba su da komai. Abin da nake fara gaya wa kowa shi ne, wanda zai yanke hukunci a Abuja ba zai taɓa ganin ƙafarka ba. Takarda ce za ta tsaya maka.

Fara da abin da ke nuna a bakin aiki ka samu raunin. Nan ne koke da yawa ke mutuwa. Ka nemo saƙon da bataliyarku ta aika ranar da abin ya faru, da odar da aka buga sunanka a ciki, da rahoton kwamitin bincike in an zauna. Ka haɗa da katin asibitin farko da aka kai ka, ko da na sansani ne, sannan na babban asibiti, kamar asibitin soja na 44 da ke Kaduna in can aka tura ka. Kwanan wata ya dace da juna. Lambarka ta soja da rubutun sunanka su zama iri ɗaya a ko'ina, domin Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, ya isa ya kwantar da fayil wata da watanni.

Sai rahoton kwamitin likitoci, wanda shi ne ke faɗin kashi nawa cikin ɗari na lafiyarka ka rasa. A kan wannan kason ake lissafin kuɗi. Ka zauna ka karanta shi da kyau, ko ka sa a karanta maka. Sau da yawa za ka tarar an rubuta karaya an manta da kunne. Mu da ke zaune kusa da barikin Shadawanka mun san yadda ƙarar manyan bindigogin atilare ke cin jin mutum a hankali, amma 'yan'uwa ba sa faɗa wa likita, wai ba ciwo ba ne. Haka firgita da rashin barci bayan dawowa daga daji. Abin da ba ka faɗa ba, ba a rubuta ba, kuma ba a biya. In raunin ya ƙaru bayan sallama, je asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa ko na tarayya da ke Gombe ka samo sabon rahoto daga likitan fannin, ka roƙi a sake zaunar da kwamiti a kanka.

Takardar koken kuwa kada ta wuce shafi biyu. Suna, lamba, muƙami, bataliya, ranar rauni, hukuncin da ba ka yarda da shi ba, da abin da kake nema a fili. Tarihin yaƙe-yaƙen da ka yi da yawan iyalinka ka bar su, na san da zafi, amma ba su ake dubawa ba. Hukumar Fanshon Soja da ke Dutse Alhaji a Abuja tana lissafi ne bisa abin da rundunarka ta aiko mata. Saboda haka in kuskuren lissafi ne ko kuɗi ya tsaya, ita za ka rubuta wa. In kason da likitoci suka yanka ne kake ja da shi, hedkwatar rundunarka za ka nufa, ka ba hukumar kwafi. Kada ka saki takardun asali. Kowace takarda ka miƙa, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan kwafinka. Ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji na jiha zai iya raka kokenka da wasiƙa. Wanda ya ce ka kawo kuɗi ko katin banki ya fito maka da fayil, ka rabu da shi.

Amsa kan zo ta fuska uku. Ko a gyara a biya ka har da bashin baya, ko a mayar da kai gaban likitoci, ko a ƙi. A abin da na gani, mayarwa gaban likitoci ba faɗuwa ba ce, ƙofa ce aka sake buɗewa, ka je da duk hotunan ƙashi da gwaje-gwajenka.

In an ƙi, saura Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba hurumin shari'ar fansho da garatuti. Lauyoyin gwamnati kan fara da tambaya biyu: ka bi matakan koke na cikin gida da sashe na 178 da na 179 na dokar sojoji suka tanada? Ka shigar da ƙara cikin wata uku da dokar kare jami'an gwamnati ta gindaya? Ana gardama kan ko wa'adin ya shafi fansho, amma kada ka jingina da gardamar lauyoyi, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ranar da takardar ƙi ta iso hannunka, rubuta kwanan watan a bayan ambulan, ka kai wa lauya a makon.