In motarka ta fara ƙas-ƙas a kwana: shawara ga sabon zuwa Amurka

Yawancin ’yan’uwanmu da suka sauka a Amurka ba sa daɗewa sai sun nemi mota, domin in ka cire birnin New York da wasu ’yan birane, ba inda ƙafa za ta kai ka wurin aiki. Motar farko kuwa kusan kullum ta hannu ce: Corolla, Camry, Accord ko Civic da ta riga ta ci mil dubu ɗari da wani abu. Kusan dukkansu tayoyin gaba ne ke jan su, kuma abin da ke kai ƙarfin inji daga giyabos zuwa tayoyin nan shi ne shaf, ɗaya dama ɗaya hagu. A gareji da shagon kayan mota sunansa CV axle, ka riƙe shi don ranar da za ka nema.

Sandar ƙarfe ce mai gaɓa biyu. Ta wajen taya tana lanƙwasawa duk inda sitiyari ya juya, a cikinta akwai ƙwallayen ƙarfe, galibi shida, samfurin da wani injiniyan kamfanin Ford mai suna Alfred Rzeppa ya ƙirƙiro tun shekarun 1920. Ta wajen giyabos kuma shiga take yi tana fita yayin da mota ke hawa da sauka a gargada. Kowace an cika ta da baƙin giris an rufe da roba mai ninki-ninki. Ƙarfen kansa yana da jimiri ƙwarai, robar ce ke fara ba da kai. Da ta tsage, giris ya fice, ruwa da yashi su shiga, sai gaɓar ta fara cin kanta. A jihohin sanyi irin su Ohio, Michigan da Minnesota abin ya fi sauri, saboda gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara.

Don haka kafin ka ji wata ƙara, ka saba da leƙawa. Ka murɗa sitiyari har ƙarshe, ka kashe mota, ka durƙusa da fitilar waya ka haska bayan taya. In ka ga baƙin maiƙo ya fantsama a cikin rim, a jikin shokazoba da rufin taya kamar an watsa kunu, robar ta fashe. Ka sa yatsa ka buɗa ninkin, tsagewar takan ɓuya a can ƙasan kwarin. Wannan dubawar ka yi ta tun ranar sayen mota, a gaban mai ita, kafin kuɗi su bar hannunka.

Gwajin kunne kuma wuri yake so. Ka nemi filin ajiye motoci da babu kowa, ka sauke gilas, ka kashe rediyo, ka karya sitiyari gaba ɗaya ka yi ta zagaye a hankali, sannan ka sa ribas ka maimaita, ka kuma juya ɗaya ɓangaren. Ƙarar ƙas-ƙas-ƙas mai bin juyawar taya, wadda ke ƙaruwa in ka ɗan taka totur, gaɓar waje ce ta ci. Ta ciki ba ta cika yin wannan kukan ba. Ita jijjiga take sa mota in kana ba ta wuta a miƙaƙƙiyar hanya, da ka ɗaga ƙafa sai ta lafa, wani lokaci kuma ka ji ƙwal in ka sa giya.

Ba kowace ƙara ce ta shaf ba, kuma a nan ake yi wa mutum asara. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, wanda ke canja murya in ka karkata hagu ko dama, yawanci boris ne, wato bearing ɗin da taya ke juyawa a kansa. Rawar sitiyari da ba ta damu da ka taka totur ko ka sake shi ba, ka fara da balans ɗin taya. Rawar da ke zuwa sai ka taka birki, faifan birki ne. Ƙwanƙwasa a kan rami kuwa ka duba boljoyin da ƙananan sandunan ƙasa.

A gida, in kan shaf ya lalace, bakanike zai aika yaro Ƙofar Ruwa ko Panteka a sayo kan kawai, ko a wanke tsohon a sake masa giris da roba, kuɗin aiki bai taka kara ya karya ba. A nan lissafin a juye yake. Da awa ake biyan bakanike, kuma a gareji da yawa awa ɗaya ta haura dala 100. Shi ya sa kusan babu mai tsayawa canja maka roba, shaf ɗin gaba ɗaya za su cire su sa wani. In ƙara ta riga ta fara, gaskiyarsu ce, sabuwar roba ba ta mayar da ƙarfen da ya cinye. Amma in robar ce kaɗai ta tsage kwanan nan, babu ƙara, kuma shaf ɗin na asalin kamfani ne, ni ina ganin ya fi a canja robar a bar shi. Da yawa daga cikin masu arahar nan da ake sayarwa ba su kai na asali ba, wasu ma da jijjigarsu suke zuwa tun daga kwali.

In gareji za ka kai, ka ce a rubuta maka kiyasin kuɗi kafin a taɓa motar, kuɗin kaya daban, na aiki daban, ka kuma tambayi garantin. Ka kira wuri biyu ko uku. Kada a ce maka dole sai an canja biyun tare. Wanda ya lalace shi ake canjawa, sai fa in ɗayan ma robarsa ta tafi. Wasu garejin ba sa karɓar kayan da ka sayo da kanka, wasu su karɓa amma su janye garanti. Ka tambayi dattawan masallacinku ko ’yan ƙungiyar Hausawan garin, da wuya a rasa bakaniken da suka saba da shi.

Wanda hannunsa ya saba da sifana zai iya yi da kansa cikin yini ɗaya. Shagunan AutoZone, O’Reilly da Advance Auto Parts suna ba da aron kayan aiki: ka ajiye kuɗi, ka dawo da kaya, a mayar maka da kuɗinka. Ka ari soket ɗin babban notin taya, wanda yakan kasance milimita 30, 32 ko 36, da sifanar auna ɗauri. Wajen sayen shaf ka ba su lambar VIN, wato lambar shaidar motar, mai alamomi 17 da ke ƙasan gilashin gaba, domin na dama da na hagu ba tsawonsu ɗaya ba, na mota mai giyar hannu ma yakan bambanta. In wanda aka sabunta ka saya, za su ɗora maka wani ƙarin kuɗi da ake mayarwa in ka kai musu tsohon. Sannan ka duba takardar hayar gidanka, gidajen haya da yawa sun hana gyaran mota a filinsu.

Babban notin ake fara sassautawa mota tana ƙasa, bayan ka buɗe bakinsa da aka danne ko ka zare fil ɗinsa. In motar jihar gishiri ce, ka fesa masa man kwance tsatsa tun daren jiya. Daga nan ka ɗaga mota ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe. Jak ɗin da ke cikin but na canja taya ne kawai, kada ka kuskura ka sa jikinka ƙarƙashin mota a kansa, ko kan bulo. Ka cire taya, ka kwance boljoyin ko kusoshin shokazoba don cibiyar tayar ta janyu waje, ka kula kada tiyon birki ko wayar ABS su miƙe. Ka tura bakin shaf ciki. In ya ƙi, ka mayar da tsohon notin a bakinsa kafin ka sa guduma. Ɓangaren giyabos wani ɗan zobe ne ke riƙe da shi, da ƙarfen banƙara ake fizgo shi daga gindi. In ka ja sandar da hannu gaɓar za ta rabe, rabi ya maƙale ciki. Ka tara kwanon roba a ƙasa don man giya zai iya zuba, kuma shagunan nan suna karɓar tsohon mai kyauta, zuba shi a kwata laifi ne.

Kafin ka sa sabon, ka jera shi da tsohon a ƙasa ka gwada tsawo da haƙora. Ka duba sil ɗin bakin giyabos, in yana tsatsafo yanzu ne lokacin canja shi. Ka tura shaf a miƙe har ka ji zoben ya kama, ka ɗan ja gindin ka tabbatar. Noti sabo za ka sa, ka ɗaure shi da ma’auni daidai da littafin motarka, ba da ƙarfin ƙafa ba: Corolla da yawa 159 ne a ma’aunin fam-ƙafa (ft-lb), Camry kuwa 217. Sakwa-sakwa ko ɗaurin ganganci duk boris suke kashewa. Ka cika man giyar da ya zube da irin wanda kamfani ya ce, in kuma kusoshin shokazoba ka kwance, ka kai a yi alaimen.

Masu Uber da kai saƙon abinci su suka fi jan ƙafa, domin yinin da mota ta tsaya yinin babu kuɗi. Shaf mai ƙara yakan yi makonni yana tafiya, har mutum ya saba da kukan. Ranar da ya karye, inji zai yi ta ihu motar ba ta motsi, ko a tsakiyar mahaɗa ne, kuma ko ka sa ta a P tana iya gangarawa in ba ka ja birkin hannu ba. Sai ka biya motar janwe, sannan ka biya gyaran da ka ɗage.