Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Ɗaukar Ƙaramar Bindiga a Kube, da Yadda Ake Gyara Su

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sanya ƙaramar bindiga, fistol ce ko libarba, cikin makaman da ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Saboda haka wannan bayani na waɗanda aiki ya ɗora wa ɗaukarta ne, wato 'yan sanda, jami'an kwastam da ke kan iyaka irin ta Jibiya da Kwangwalam, jami'an tsaro na farin kaya da masu tsaron lafiyar manyan mutane. Duk lokacin da aka yi harbi ba da niyya ba, sai ka ji ana cewa bindiga ce ta tashi da kanta. Hakan yakan faru, domin ko a 2017 kamfanin SIG Sauer ya buɗe shirin gyara samfurinsa na P320 bayan an gano tana iya tashi idan ta faɗi ta wata fuska, amma galibi wani abu ne yake danne kunama, ko yatsa, ko tufa, ko kuben kansa.

A ganina babu lokacin da ya kai na mayar da bindiga cikin kube haɗari, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Jami'i yakan daɗe yana koyon zaro bindiga da sauri, sai ya ɗauka mayar da ita ma da sauri ake yi, alhali a wannan lokaci babu mai korarsa. Ga mu nan Katsina abin ya fi tsanani saboda irin suturarmu. Jami'in farin kaya da ya raka maigidansa ɗaurin aure ko masallacin Juma'a yana sanye da kaftani ko babbar riga, kuma gefen rigar, ko bakin singileti, ko jelar zariya, na iya faɗawa bakin kube ba tare da ya sani ba. Da zarar ya tura bindigar ƙasa, yadin ya shige cikin zoben da ya kewaye kunama, to ƙarfin hannunsa ne zai ja ta baya. Bindigar Glock, ƙirar ƙasar Ostiriya, ba ta da makullin da ake murɗawa a waje, nauyin kimanin kilo biyu da rabi ya isa ya ja kunamarta, kuma ɗan harshen kariya da ke jikin kunamar ba ya bambance yatsa da yadi.

Gyaran yana cikin natsuwa. Mutum ya tsaya, ya tattare rigarsa da ɗaya hannun ya dafe ta a ƙirji, ya sunkuyar da kai ya duba cikin kube da idonsa, ya miƙe yatsansa a gefen bindiga nesa da kunama, ya ɗan karkata ƙugu yadda bakin bindigar ba zai kalli cinyarsa ba, sannan ya zura ta a hankali. Idan ya ji ta cije, kada ya danna da ƙarfi, ya zaro ta ya ga abin da ya tare. Mai ɗauke da bindiga mai guduma a baya, wato ƙarfen da ke bugawa harsashi ya tashi, irin Beretta 92, sai ya fara sauke gudumar da maɓallin da aka yi domin haka, ya kuma ɗora babban yatsa a kanta yayin zurawa, domin idan wani abu ya fara jan kunama zai ji gudumar tana ɗagowa.

Sai kuben kansa. Dukawanmu gwanaye ne, amma fata mai laushi da ta dace da jaka ko kuben wuƙa ba ta dace da wannan aiki ba. Zafin bazara da gumi suna sa fata ta saki, bakin kube ya lanƙwashe ciki, har wata rana lanƙwasar ta shiga gaban kunama. Haka kuben yadi mai araha da ake cewa yana ɗaukar kowace irin bindiga, a gaskiya ba ya riƙe ko ɗaya yadda ya kamata. Kube nagari shi ne wanda aka ƙera domin samfurin bindigar da ke hannunka, na roba mai tauri irin Kydex ko na fata mai kauri da aka ƙarfafa bakinta, wanda ya rufe kunama ruf ta kowane gefe. Gwada shi ba wuya: a cire harsasai duka, a tabbatar har sau biyu, a sa bindigar a ciki, a gwada taɓa kunama ta waje, a kifa kuben a kan katifa a ga ko za ta zame, sannan a zare ta a ga ko bakin ya tsaya a buɗe. Kuben da ya kasa cin ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje, a jefar da shi, kada a ajiye wa wani. Masu sukurori a riƙa ɗaure su, masu makulli kuma a riƙa kakkaɓe musu ƙurar hunturu da yashi. Akwai kuma kuben da ake buɗe makullinsa da ɗan ali, wanda wasu makarantun koyar da harbi a Amurka suka hana, saboda yatsan da ke danna maɓalli yakan zarce kan kunama idan mutum ya firgita.

Mafi muni shi ne soke bindiga a ƙugu babu kube, ko jefa ta aljihu tare da makullai da canji. Zariya ba ta ɗaukar nauyin bindiga, ana bukatar bel mai tauri. Idan ta sulale cikin wando, hannu yakan kai mata cafka tun kafin mutum ya yi tunani, kuma yatsa yakan matse tare da sauran 'yan'uwansa. Bindigar zamani da ta suɓuce gara a bar ta ta faɗi, domin galibi an yi mata kariyar faɗuwa a ciki, amma tsofaffi irin Tokarev ba su da wannan kariya, don haka barin harsashi a ɗane cikinsu ganganci ne. A tuna cewa bakin bindigar da ke ƙugu na iya kallon babbar jijiyar jini ta cinya, wadda idan ta fashe mutum kan rasa ransa cikin 'yan mintuna, balle jami'in da ke shingen daji nesa da asibiti.

Yawan zarowa da mayarwa shi ma yana ninka haɗari. Idan za a shiga bayi, ko za a yi alwala, ko zaman mota ya takura, a cire kuben gaba ɗaya da bindigar a cikinsa, a kuma ajiye inda yaro ba zai kai hannu ba, ba ƙarƙashin matashin kai ba. Wajen sauke harsashi kuwa, da yawa suna zaton cire kwanson harsasai ya wadatar, alhali wanda ya riga ya hau yana nan. Ana fara cire kwanson ne, sannan a ja saman bindigar baya a fitar da na ciki, a leƙa da ido a kuma taɓa da yatsa, baki yana kallon bokitin yashi ko wurin da aka keɓe. Mai Glock ya ƙara kula a nan, domin ba a kwance ta don wankewa sai an ja kunama.