Darasi na 9: Wayarka tana gani, tana ji, kuma ta san inda kake

Iyaye da 'yan uwa na ajinmu na unguwar Shari'a Mansur da ke Makka, yau kowa ya fito da jawwal ɗinsa ya ajiye a gabansa, darasin nan da hannu za mu yi shi.

A cikin wayar nan akwai kyamara gaba da baya, akwai makirfo, akwai GPS da ke karɓar sigina daga tauraron ɗan adam ya gane inda kake tsaye, akwai ɗan abin da ke jin motsi wanda shi ne yake juya hoto in ka kwantar da wayar, sai waifai da bulutut da NFC ɗin nan da ake karawa a na'urar baƙala, wato kanti, a biya kuɗi. Dukkansu masu amfani ne, ba wanda ya ce a jefar da waya. Abin da ke damuna shi ne yawancinmu duk manhajar da ta tambayi izini sai mu danna mu wuce don mun ƙosa ta buɗe, ba mu san me muka ba da ba.

Mu fara da lokeshan, wato bayanin inda wayar take, don shi ya fi nauyi. Wanda ya san inda wayarki take kwana kullum ya san gidanki, wanda ya san inda take wuni ya san gidan da kike aiki da lokacin da kike fita da hanyar da kike bi ki dawo, ko bai taɓa jin sunanki ba. Kuma wannan bayanin kasuwa gare shi, saye da sayarwa ake yi. A shekarar 2020 'yan jarida a Amurka sun bankaɗo cewa bayanan lokeshan na masu amfani da Muslim Pro, manhajar lokutan salla da alƙibla da miliyoyin Musulmi suka sauke, suna zuwa hannun wani kamfani mai suna X-Mode, shi kuma yana sayar da irin waɗannan bayanai ga 'yan kwangilar sojin Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja, amma sun yanke hulɗa da kamfanin. Wallahi abin akwai ciwo, mutum ya sauke abu don ya san lokacin Asuba kawai.

To ga yadda za a yi. A shiga saitin, wato alamar nan mai kama da ƙafar keken ɗinki mai haƙora, a nemi lokeshan, a shiga izinin manhajoji. Za ku ga jerin su. Taswira da manhajar kiran mota a bar su a kan "lokacin da ake amfani da ita kawai". Ta salla kuwa ka zaɓi Makka ko Jidda da hannunka shikenan ta ba ka lokutan, ba sai ta bi ka ko'ina ba. Amma tocila ko gem ɗin da jikanki ya sauke, Hajiya, me ya haɗa su da inda kike? A hana su. In wata sabuwa ta tambaya, a yawancin wayoyin Android zaɓi uku ne ke fitowa, na sama lokacin amfani, na tsakiya wannan karon kawai, na ƙasa kar a bari, wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba ya riƙe wannan jerin, in yana shakka ya danna na ƙasa, ba abin da zai lalace, ana iya gyarawa daga baya.

A WhatsApp kuma in ka tura lokeshan mai tafiya da kai, yana ba ka minti 15 ko awa 1 ko awa 8, kar ka jefa na awa 8 a guruf mai mutum ɗari da ba ka san rabinsu ba. Hoto ma in lokeshan a kunne yake a kyamara yana ɗauke da wurin da aka ɗauke shi, in ka tura shi a matsayin fayil wannan bayanin na tafiya tare da shi.

Kyamara da makirfo abu ne mai sauƙi. Tun daga Android 12 na 2021 ɗan ɗigo kore yana fitowa a saman allo in ana amfani da su, a iPhone kore na kyamara ne ruwan lemo na makirfo. In ka ga ɗigon alhali ba kira kake ba, ba hoto kake ɗauka ba, ja saman allon ƙasa ka ga wace manhaja ce ka cire mata izini. Kuma mu ma mu ji tsoron Allah da kyamararmu, dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1 da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya, masu ɗaukar mata a ɓangaren mata wajen biki ku ji da kyau.

Sai waifai na kyauta. Kusa da Harami da otal otal da filin jirgi za ka ga sunaye rututu, kuma kowa zai iya buɗe nasa ya sa masa sunan otal ɗin da ke gefe, kana shiga sai shafi ya fito yana neman lambar igama, wato katin izinin zama, ko lambar katin banki ko lambar sirrin da aka turo maka ta saƙo. Waifai na gaskiya ba ruwansa da katin bankinka. Absher, manhajar ayyukan gwamnatin Saudiyya, da banki a yi su da data ɗinka. Nafath kuwa, manhajar da ke tabbatar da cewa kai ne, in buƙata ta shigo ba kai ka nema ba ka ƙi ta, ko da wanda ya kira ka ya rantse daga banki yake ko daga hukuma. Bayan ka bar otal ka sa wayar ta manta da waifai ɗin don kar ta riƙa shiga da kanta.

Bulutut a kashe in ba a sa abin kunne ba, musamman a cunkoson aikin Hajji da Ramadan, masu iPhone su mayar da AirDrop, hanyar tura hoto da fayil zuwa iPhone na kusa, kan mutanen da ke cikin lambobinsu kawai. Katin banki na mada ana iya kara shi a ci kuɗi har riyal 300 ba tare da lambar sirri ba, saboda haka in ya ɓace a tsayar da shi nan take ta manhajar banki, kar a ce sai gobe. Wayar ma a sa mata makulli, kuma dan Allah ba 1234 ba.

Aikin gida: kowa ya rubuta a littafinsa sunan manhajoji 5 da ya samu suna da izinin lokeshan, a gaban kowacce ya rubuta "na bari" ko "na hana". Wanda wayarsa take da Larabci ko Turanci ya kasa gane wurin, ya kawo ta aji na gaba mu zauna mu duba tare, amma shi zai buɗe makullin da hannunsa, ko malami kar ya faɗa wa lambar.