Yadda ake riƙon yaro mai tatata a gida lokacin kulle

Bayan an samu mutum na farko da korona a Nijar ranar 19 ga Maris 2020, hukuma ta rufe makarantu da masallatai, ta killace Yamai, ta kuma hana fita a birnin daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Abin ya faɗo cikin bazara, zafi ya haura digiri 40, wutar kamfanin lantarki na NIGELEC tana zuwa tana ɗaukewa. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 kuwa ba ruwansa da doka. Idan irin wannan zama ya sake kamawa, a fara da tsara masa yini.

A rataya tsarin a kan lokutan salla, don kowa a gidan ya san su. Daga asuba zuwa hantsi, kafin ƙasa ta ɗau zafi, lokacin guje-guje ne a tsakar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro irin wannan yana bukatar motsa jiki na minti 180 a yini, a rarrabe. Ba sai an sayi kayan wasa ba: a ba shi jarka marar komai ya yi ta turawa, ko a ja layi da gawayi a ƙasa ya riƙa tsallakewa, ko kwano biyu da yashi ya juye daga wannan zuwa wancan. Da azahar a yi masa wanka, a shimfiɗa tabarma a inuwa ya kwanta. Ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a dare da rana. Amma kar barcin rana ya wuce la'asar, in ba haka ba sai tsakar dare idonsa biyu.

Miƙa masa salula ya fi komai sauƙi, kuma shi ne ke ɓata barcin dare. Wanda bai kai shekara 2 ba kar a ba shi sam. Ɗan shekara 2 kar ya wuce awa 1 a yini. Bayan magariba gara tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ko da ita ce ta jiya, yara ba sa gajiya da maimaici.

In ya fara birgima, a duba yunwa, barci ko zafi kafin a ce rigima ce. Duka ƙara kukan yake yi.

Babban haɗarin kulle a cikin gida yake. Saboda yankewar famfo ana tara ruwa a bokiti da baho, kuma kan yaro yana da nauyi in an kwatanta da girman jikinsa: in ya leƙa ya kife ciki ba ya iya ɗagowa, ba kuma a jin ihunsa. Ruwa ɗan kaɗan ya isa ya halaka shi. A rufe kowane mazubi da murfi mai nauyi, a zubar da ruwan wanki da an gama. Jabel (sinadarin wanki mai kashe ƙwayoyin cuta), kananzir da man wanke hannu mai alkol a ɗora su inda ko da kujera ba zai kai ba, kar kuma a juye su a kwalbar lemo. In ya sha, kar a sa shi amai, kar a ɗura masa manja ko madara: jabel yana sake ƙona maƙogwaro in ya dawo, kananzir kuma yana shiga huhu. A ɗauki kwalbar a tafi likita. Butar shayi a kan gawayi a ƙasa ita ma ta ƙona yara da yawa. Takunkumi kuwa ba na ɗan ƙasa da shekara 2 ba ne, yana iya toshe masa numfashi.

Abinci sau 3 zuwa 4 a yini, kowane kamar cikin kofi na mililita 250, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2, irin su mangwaro ko fura. A zuba masa a kwanonsa daban don a ga abin da ya ci. Kunun gero ya yi kauri, a sa tunkuza ko garin wake a ciki. Gyada ƙwaya-ƙwaya da dabino mai ƙwallo suna shaƙe yaro.

In zawo ya kama shi kuma babu ƙunshin SRO (garin gishiri da sukari na asibiti), a haɗa lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Bayan kowane zawo, wanda bai kai shekara 2 ba a ba shi mililita 50 zuwa 100 da cokali, a ci gaba da nono. In idanu sun faɗa, ko ya kasa sha, ko numfashi ya yi sauri, ko ya yi jijjiga, a ɗauki katinsa na rigakafi a nufi likita, ko da dare ne.